Kurakuran da aka fi yi wajen sauke shirin Scheme ko OCaml zuwa asembili

Harsunan shirin kwamfuta irin su Scheme da OCaml suna yi wa mai rubuta shiri hidima da yawa a ɓoye. Asembili kuwa, wato harshen da ke ba na'ura umarni ɗaya bayan ɗaya kai tsaye, abin da ka faɗa masa kaɗai yake yi. Yawancin kurakuran daga mantawa da wannan hidimar suke tasowa.

Wanda ya fi cin mutane shi ne kiran ƙarshe, wato kiran da fankishin (guntun shiri mai yin aiki guda) ke yi a matsayin aikinsa na ƙarshe. A waɗannan harsuna, maimaita aiki yawanci fankishin ne ke kiran kansa. Idan ka mayar da kowane kira `call`, kowane zagaye zai ɗora sabon kaya a kan sitak (wurin da ake jibge bayanan kiran da bai dawo ba tukuna), alhali sitak a Linux yawanci megabait 8 ne. Ko da bait 16 kacal kowane kira ke ci, zagaye miliyan 1 ya cika shi har ya yi ambaliya. Abin takaici, a ƙaramin gwaji lafiya lau shirin zai yi aiki. Gyaran: in kiran ne aikin ƙarshe na fankishin, zuba sabbin ƙimomi a rajista (ƙananan ma'adanai na cikin furosesa), sauke abin da ka ɗora a sitak, ka yi `jmp` (tsalle kai tsaye) maimakon `call`. A Scheme wannan dole ne, ƙa'idar harshen ce ta wajabta shi.

Sai fankishin da ke dawo da wani fankishin mai riƙe da wata ƙima, mu ce `x`. In ka bar `x` a sitak, ana yin `ret` (dawowa daga kira) wurinsa ya zama na kowa. Ware masa wuri a ma'adanar da ba ta gushewa da dawowar kira, ka ajiye adireshin umarnin fankishin tare da ƙimomin da ya riƙe.

Mai kwashe shara, wato ɓangaren da ke 'yanto ma'adanar da shiri ya daina amfani da ita, shi ma yana buƙatar bambance lamba da adireshi. OCaml na sa 1 a bit na ƙasa na kowace cikakkiyar lamba, shi ya sa lambobinsa bit 63 ne a na'ura mai bit 64. Wato 5 ana ajiye ta a matsayin 11 (a ninka ta biyu, a ƙara 1), kuma bayan ka haɗa lambobi biyu sai ka cire 1. Kada ka manta cirewar nan.

Wajen kiran fankishin na harshen C kamar `malloc` ko `printf` a furosesa irin x86-64, tabbatar `rsp` (rajistar da ke nuna saman sitak) ya rabu da 16 ba saura kafin `call`. Linux na karɓar ƙimomin farko ta rajistocin `rdi` da `rsi`, Windows kuwa ta `rcx` da `rdx`.