Yadda ake lissafin nisa da tsawon tafiyar jirgi daga Dubai zuwa Guangzhou

Ɗan kasuwar da zai wuce Chaina saro kaya ta Dubai, sau da yawa agogon da ke jikin tikiti ne ke ruɗa shi. A ce an rubuta jirgi zai tashi ƙarfe 10:00 na safe, ya sauka 9:30 na dare. Sai mutum ya ƙirga da yatsu ya ce awa goma sha ɗaya da rabi, tun kafin ya hau har bayansa ya fara ciwo. Ba haka lissafin yake ba.

Da farko nemi laƙabin filayen jirgin biyu, haruffa ukun nan da ake manna wa jaka. Na Dubai DXB ne, na Baiyun da ke Guangzhou kuwa CAN, daga tsohon sunan birnin, Canton. Ka duba da kyau, don Dubai na da wani filin, Al Maktoum, mai laƙabin DWC. Shiga shafin Great Circle Mapper ka rubuta DXB-CAN, zai ba ka kusan kilomita 5,800. In ya nuna maka da mil, ninka da 1.6.

Sai ka raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja kan yi kilomita 850 zuwa 900 a awa in sun daidaita a sama. Raba 5,800 da 850, ka samu awa bakwai saura kaɗan. Ɗora rabin awa na gangarawa titin tashi, hawa sama da sauka. Ka ga an doshi awa bakwai da rabi. Jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layin taswira sak, hanyoyin da aka shata masa yake bi ta saman Indiya da Myanmar, shi ya sa 'yan mintoci kan ƙaru.

Yanzu koma kan tikitin. Kowane lokaci da aka rubuta, agogon garin ne. Guangzhou na gaban Dubai da awa huɗu, don haka in za ka je sai ka cire huɗu: goma sha ɗaya da rabi ta koma bakwai da rabi. A dawowa ƙarawa ake yi. Tikitin da ya ce tashi 12:15 na dare, sauka 4:30 na asuba, tafiyar awa takwas da kwata ce, ba huɗu da kwata ba.

Dawowar ta fi tsawo ko da yake nisan ɗaya ne. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Chaina tana tura shi, mai dawowa kuma da ita yake kokawa, kuma da hunturu ta fi tsanani. Ni dai na fi yarda da Flightradar24, shafin da ke bin diddigin jiragen sama, a nan: sa lambar jirginka, ka ga awa nawa ya ci a kwanakin baya.

Wani abin da ake mantawa shi ne salla. Mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi, azahar da la'asar da magariba duk za su riske ka a kujera kusa da kusa, sai ka hau da alwalarka. In kuma za ka kira gida ka ce ka sauka lafiya, Guangzhou na gaban Kano da awa bakwai: 9:30 na darenka, 2:30 na ranarsu ne.