Yadda nake tace barkwanci kafin a kunna kyamara

Idan ka gama rubuta fim ɗin barkwanci, kada ka yi gaggawar fita lokeshin, wato wurin ɗaukar fim. Ɗauki biro ka bi labarin daga farko. Duk wurin da kake sa ran 'yan kallo su tuntsire da dariya, rubuta a gefensa: wa ake yi wa dariyar nan?

In amsar ita ce ɗan siyasar da ya yi alƙawarin rijiya ya ɓace sai wani zaɓen, ko mai awo da ke tauye mudu, ko bokan da ke damfarar matan aure, bar shi, ka ma ƙara masa gishiri. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma a wasan Samanja rayuwar bariki da tsawar manya yake wa ba'a, wato gidansa yake taɓawa, kuma masu ƙarfi.

In kuwa gurgu ne, ko mai i'ina, ko wada, ko mai taɓin hankali, kuma abin dariyar bai wuce halittarsa ba, soke wurin. Ban ce ka fitar da shi daga fim ɗin ba. Ba shi wayo, ya zama shi ne mai kwance wa attajiri zani a kasuwa.

Inda aka fi zamewa shi ne ƙabila. Muna fakewa da wasan taubasai: Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa. Amma sharaɗin wannan wasa shi ne ramuwa, kowa yana da bakin mayarwa. Saboda haka in Babarbare ya yi wa Bafulatani wayo a farkon fim, lallai Bafulatanin ya rama kafin a tashi. Gurɓatacciyar Hausar Bayarabe ita kaɗai ba labari ba ce, kuma yana ci mini rai in ga an cika awa guda da ita.

Aya da hadisi kuwa, ba sa shiga bakin ɗan wasa don ban dariya.

Daga nan nemi mutum daga cikin waɗanda wasan ya shafa, ka karanta masa da baki kana duban fuskarsa. Murmushin yaƙe ba ya ɓuya. Kada ka jira Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta yi maka wannan aiki. In wani abu ya kuɓuce har aka ɗauka, zauna kusa da edita a yanke shi, ko da duk ma'aikatan lokeshin sun yi dariya ranar.