Yadda Ake Kafa Ƙaramin Kamfanin Iri a Kewayen Samaru

Kamfanonin iri irin su Premier Seed da Value Seeds sun zauna a Zariya ne saboda Samaru. Tun 1922 ake binciken noma a can, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai cibiyar binciken ta koma ƙarƙashinta da sunan IAR, wato Cibiyar Binciken Aikin Gona. Daga nan SAMMAZ na masara da SAMSORG na dawa da SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa suke fitowa. Sai dai abin da masanin iri yake fitarwa ɗan kaɗan ne, ba zai kai ga manomin Giwa ko Funtua ba sai wani ya ninka shi. Wannan ninkawar ita ce sana'ar, kuma wanda yake kusa da cibiyar ya fi kowa sauƙin shigarta, domin irin tushe da masanin da ya san halinsa da ɗaliban da za su duba gona duk suna bakin ƙofarsa.

Iri hawa uku ne. Akwai irin asali da ke hannun masanin, akwai irin tushe da ake samarwa daga gare shi, sannan iri mai shaida wanda ake sayar wa manomi. Sabon kamfani irin tushe yake saye ya noma mai shaida. Kafin komai ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka nemi izinin hukumar iri ta ƙasa, NASC, domin dokar iri ta 2019 ta hana sayar da iri ba tare da shaidarta ba. Ita ce za ta turo masu duba gona, don haka ka sanar da ita gonakinka tun farkon damina. Wanda ya jira sai ya girbe, hatsi ya noma, ko da kuwa irin tushe ya shuka.

Ka fara da nau'i ɗaya ko biyu, kuma a shekarar farko ka bar masarar aure, wato wadda ake samu daga haɗa masara biyu daban-daban, ana cire wa layukan mata tuta da hannu. Ma'aikaci ya yi sakaci na kwana biyu, gonar ta tashi a banza. Masara irin SAMMAZ 15, mai jure wuta-wuta, ta fi dacewa da mai koyo. Ka je cibiyar da wuri, tun cikin rani, ka ba da odar irin tushe, ka karɓi rasit da lambar rukunin irin, domin masu duba gona za su tambaya. Ka kuma tambaya ko nau'in yana buƙatar lasisi: SAMPEA 20-T, waken da aka fitar a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso, ba kowane kamfani aka ba izinin ninka shi ba, kuma tun 2021 akwai dokar da ke kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri. Kowace yarjejeniya ta kasance a rubuce.

Zaɓen gona shi ne inda aka fi faɗuwa. Iska ke ɗaukar garin furen masara daga gona zuwa gona, saboda haka gonar iri mai shaida tana son tazarar mita 200 aƙalla daga kowace masara ta daban. A ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, inda gona ke jingine da gona, wannan da wuya. Hanya biyu ce. Ko ka raba wa duk maƙwabtan gonar irin nan ɗaya kyauta, wanda sau da yawa ya fi araha, ko ka bambanta lokacin shuka da mako uku zuwa huɗu don kada su yi tuta tare. Ta biyun tana da haɗari idan ruwa ya yi jinkiri kowa ya shuka rana ɗaya. Kada kuma gonar ta zama an noma wata masara a cikinta bara, don gyauro zai tsiro ya gauraye da naka. Wake da gyaɗa ba su da wannan wahalar sosai, 'yan mitoci sun isa.

Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a rami. Taki buhu 8 na NPK 15-15-15 a makon farko ko na biyu, sai yuriya kusan buhu 3 a mako na biyar zuwa shida. Kafin tuta ta buɗe a bi layi-layi a tuge duk tsiron da ya bambanta: wanda ya zarce saura tsawo, mai wani launi, mai ciwo. Manomin kwangila, wato wanda ka ba irin tushe ya noma maka a gonarsa, zai ji zafin tuge masara mai kyau, don haka ka tura naka mutum. Nan ɗaliban aikin gona suke da amfani, kuma da yawansu daga nan suke zama ma'aikatan kamfani.

Manoman kwangilar nan su ne matsala ta biyu. Idan farashin masara ya tashi da kaka, mai bashin taki zai kai buhunan Kasuwar Giwa da dare ya cike maka da wata masara. Maganinsa a sa ƙari a kan farashin kasuwar ranar awo, a biya nan take, a kuma kwashe goyon daga gona zuwa wurin shanyarka tun ba a sussuke ba.

A tsince goyon da ya ruɓe ko mai baƙon launi, a shanya a kan tamfol, ba a kan kwalta ba, har danshi ya sauko kashi 12 cikin 100. Idan babu na'urar awo, a zuba ƙwaya da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza. Gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura. A wanke injin sussuka tsaf kafin a zuba, kuma a rage masa gudu, domin ƙwayar da ta tsage ba ta tsirowa. Gwajin tsiro: ƙwaya 100 sau huɗu a cikin yashi mai laima, a ƙirga a rana ta bakwai. Abin da ya gaza 90 ka sake duba shanya da ajiya kafin NASC ta ɗauki nata samfurin. Maganin iri kamar Apron Star gram 10 ne ga kilo 4, kuma irin da aka shafa wa magani ba ya komawa abinci, don haka a shafa wa iya abin da ake sa ran sayarwa.

Kuɗinka zai fita a Yuni, ba zai dawo ba sai Afrilu ko Mayu na baɗi. Wanda ya ci bashin wata shida zai sayar da irinsa a farashin hatsi don ya biya. Ka ƙulla ledar kilo 2 fiye da ta kilo 10, ka manna lambar NASC da ake kankarewa, sannan tun wannan damina ka buɗe ƙaramar gonar gwaji a bakin hanyar kasuwa, naka a gefe ɗaya, irin gida a ɗaya gefen, da allo mai sunan nau'in da lambar wayar dillalinka.