Yadda ake gwada ko shafen titaniyom dayoksaid na aiki

Ido ba ya ganin wannan shafe. Gilashin da aka shafa wa titaniyom dayoksaid kamarsa ɗaya da wanda ba a taɓa ba, don haka sai an gwada ake sani.

Idan hasken ultrabayolet, wanda ke cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa, ya sauka a kan shafen, musamman nau'in titaniyom dayoksaid da ake kira anatas, sai ya yi amfani da danshi da iskar oksijin ya samar da wasu sinadarai masu cin maiƙo da datti, masu kuma fasa fatar ƙwayoyin cuta. Shi kansa ba ya ƙarewa. Tushen wannan ilimi binciken Akira Fujishima da Kenichi Honda ne, wanda suka wallafa a 1972 daga Japan.

Da farko samo gilashi uku: biyu masu shafe, ɗaya mara shafe. Wanke su, ka shanya a rana na 'yan kwanaki, domin sabon shafe sai ya sha haske kafin ya kankama.

Sai ka ɗiga ruwa. A kan gilashi mara shafe zai tsaya ɗigo-ɗigo. A kan mai aiki kuwa zai baje ya kwanta sumul.

Gwajin rini ya fi wannan ƙarfi. Dama shuɗin rinin nan metilin bulu da ruwa mai yawa, ka shafa daidai wa daida a kan ukun, ka bar su a duhu su bushe. Sannan ka fitar da mai shafe ɗaya da mara shafen cikin rana, ɗayan mai shafen ya zauna a duhu. Kar ka raina na duhun nan, shi ne shaidarka: in shi ma ya kode, to ba haske ya yi aikin ba. Rana kan ɗan kodar da rinin ita kaɗai, shi ya sa ake sa mara shafen. Duba su bayan kowace awa. Mai shafen da ke rana ya kamata ya riga sauran yin fari, da tazara bayyananna.

Kada ka yi gwajin a ƙarƙashin ƙwan LED na ɗaki. Anatas na bukatar hasken ultrabayolet, wanda tsawon zangonsa bai wuce nanomita 387 ba, irin ƙwan nan kuwa kusan ba ya fitar da shi.

Kodewar rini dai ba ta nufin ƙwayoyin cuta sun mutu. Wannan sai a ɗakin gwaji, inda ake zuba bakteriya a kan gilashin, a haska shi na sa'o'i, sannan a ƙirga waɗanda suka rayu.