Kula da haƙoran yaro ƙanana idan sun fara ruɓewa

Ruɓewar haƙori ba tsutsa ce ke kawo ta ba, kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne a baki ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye ɓawon haƙorin. Shi ya sa maganin gida ke aiki a farkon lamari kawai. Ki ɗaga leɓen yaro na sama ki duba gindin haƙoran gaba, kusa da dasashi. Idan kin ga farin tabo kamar alli, har yanzu ana iya tsayar da shi. Idan ya zama ruwan ƙasa ko ya yi kogo, sai likitan haƙori.

Ki goge masa baki sau biyu a rana, na ƙarshe kafin barci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori (a duba jikin kwali a ga an rubuta 1000 ppm, ma'aunin yawansa a cikin man). Ƙasa da shekara 3, man kamar ƙwayar shinkafa ɗaya; daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Kada ki ɗauraye bakin bayan gogewa, fuloraid ɗin ne ke gyara tabon. Asuwaki ma yana da amfani idan an tauna kansa ya yi laushi, amma ba ya maye gurbin man.

Babbar ɓarna da daddare take. Yawu yana raguwa a barci, to yaron da ya kwana da fida mai shayi, kunu da sukari ko lemon kwalba, haƙoransa na jiƙe da zaƙi har asuba. Bayan gogewar dare, ruwa zalla. Alewa da biskit a ba shi lokacin cin abinci, ba a riƙa tsakura masa duk yini ba. Kada a tauna masa abinci ko a lasa cokalinsa.

Idan dasashi ya yi ja, a narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a tsoma tsumma mai tsabta a shafa, domin ɗan shekara biyu bai iya kurkure baki ba. Man kanumfari, tafarnuwa, kanwa ko asfirin a kan dasashi duk suna ƙona nama. Ruwan batir kuwa guba ne.

Kumburin kunci, zazzaɓi, ruwan ƙurji ko warin baki mai ƙarfi da gyambo a dasashi, a kai shi asibiti a ranar.