Yadda za ka gwada tsayuwarka da bango

Cire takalmi, ka jingina da bango, dugaduganka nesa da shi kamar santimita 5 zuwa 10. Wurare uku za su taɓa bangon: ƙeya, allon kafaɗa da ɗuwawu. Zura tafin hannu ta bayan ƙugu. Idan ya shige daidai, lafiya lau. Idan har dunƙulen hannu ya shiga, ƙugun ya lanƙwashe da yawa, sai ka ɗan tsuke cikinka har ratar ta ragu.

Ƙeya ce ke ba masu yawan duƙa wa waya wahala. Kada ka ɗaga haɓa don ƙeyar ta kai, ja haɓar baya kawai, ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Gwiwa kada ta ƙage, nauyi kuma a kan ƙafa biyu daidai.