Yadda Ake Tsara Waƙoƙin Rock Don Bikin Ranar Kanada

Ranar 1 ga Yuli ce Kanada ke bikin kafuwarta a 1867. Idan za ka tara baƙi a bayan gida, tsara waƙoƙin tun kwana biyu kafin ranar. Zaman awa huɗu yana cin waƙa 55 zuwa 60, tunda yawancinsu ba su wuce minti huɗu ba.

Da yamma, lokacin da nama ke kan wuta ana gaisawa, sa masu sanyi. Faifan Harvest na Neil Young, na 1972, ya dace da wannan lokaci. Bayan an ci an ƙoshi sai ka ɗaga da ƙungiyar mawaƙa The Guess Who ta birnin Winnipeg da mawaƙi Bryan Adams.

Ƙungiyar Rush na buƙatar lura. Su uku ne daga Toronto, kuma marigayi Neil Peart gwanin ganga ne na gaske, amma waƙar da ta buɗe faifansu na 2112 ta kai minti 20. Ka sa ta a tsakiyar hira, mutane za su watse. Ɗauki gajeru daga faifansu Moving Pictures na 1981. Haka ma faifan Alanis Morissette na 1995: akwai baitin da bai dace da kunnen yara ba, don haka nemi wanda aka tace.

Mawaƙan ƙungiyar The Tragically Hip ka ajiye su sai magariba, wadda a Toronto takan kai ƙarfe tara. Ba su yi wani suna a waje ba, amma 'yan ƙasar sun haddace waƙoƙinsu. Wasansu na ƙarshe a Kingston, a Agustan 2016, tashar talabijin ta ƙasar, CBC, ta watsa shi kai tsaye, mawaƙinsu Gord Downie kuma ya rasu a 2017. Waƙa biyar a jere, ka rage ƙara kaɗan, za ka ji baƙi suna rerawa da kansu. In akwai mutanen lardin Quebec, saka musu mawaƙin yankinsu, Robert Charlebois.

Matsala biyu ke yawan faruwa. Tsofaffin faifai ba su kai na shekarun 1990 ƙara ba, sai sauti ya riƙa hawa da sauka. Kunna maɓallin daidaita ƙara a manhajarka. Sannan sauke waƙoƙin a waya tun da wuri, ka cika cajin sifika, domin intanet kan yi nauyi inda jama'a suka taru kallon wasan wuta. Yawancin birane na taƙaita hayaniya daga ƙarfe 11 na dare, saboda haka kashe sifikar waje kafin nan.